Baƙon Bayan Danga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki keke zan bi bakin kogi daga garin surukaina har Abu Na'ama. Shekarun baya ne, kafin ƙasa ta rikice, lokacin mutum yana iya kama hanya shi kaɗai ba wanda zai tambaye shi takarda.

Ni tela ne a kasuwar Managil. Wuni nake ina taka keken ɗinki, ƙafafuna suna tafiya amma ni ina nan zaune, ina kallon bango. To a nan mafarkin ya same ni. In ina ɗinka jallabiya sai in ga kaina a kan keken hawa, kogi a hannun hagu, duwatsu can nesa, iska tana kaɗa mini riga. Har na sayi keke na hannu wurin wani maƙwabci, mutanenmu na nan ajala suke ce wa keken hawa, na yi masa fenti kore, na ɗinka masa jakunkuna biyu da ragowar yadi (aikin ya yi kyau, wannan kam ba yabon kai ba ne).

Sai matata Hauwa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi, kudu da Makwar. Da ta sauka lafiya na ɗora keke a saman bas na tafi suna. Zuwana na biyu ke nan garin, na farko ranar ɗaurin aure. Duka biyun iyakata zauren surukina da masallaci. Ita kuwa surukata, mahaifiyar Hauwa, kunya ta raba mu: in na durƙusa gaishe ta daga bakin ƙofa, abin da nake ji daga bayan labule bai wuce "lahiya lau" ba, shi ma ƙasa-ƙasa. Da za a jera mata uku a ce in nuna ta, da na sha wuya.

Bayan suna na sanar da niyyata. Surukina ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Abu Na'ama hwa da nisa. Ga mota tana tahiya kullum."

Na ce, "Baba, ai ba isa nake nema ba, hanyar nake son gani."

Na ga alamar yana sake lissafin wanda ya ba 'yarsa. Hauwa ma da na leƙa yi mata sallama, cewa ta yi, "Ɗanka ko idonsa bai gama buɗewa ba, kai kana maganar duwatsu." Amma da safe aka yi mini rakiya ta girma. Dattawa suka ɗaga hannu aka yi addu'ar matafiyi, aka miƙo ƙunshin guzuri daga cikin gida, kisra, wato wainar dawa mai faɗi shafe-shafe, da busasshen kifi da aka daka da yaji. Na hau ina jin kaina kamar kakanninmu da suka taso daga Sakkwato a ƙasa (su dai ba su da kararrawa a hannu, ni ina da ita, kuma na kaɗa ta).

Wallahi safiyar nan ta biya ni. Hanya ta bi ta cikin lambunan ayaba da mangwaro, inuwa tana sauka a kaina tana tashi. Kogi ya kwanta luf, ruwansa kamar an goge tire. Masunta biyu a cikin kwalekwale suna jan koma ba mai magana, balbelu sun jeru a kan tsibirin yashi kamar an shanya fararen kaya. Can yamma wani dutse ya tsaya shi kaɗai, shuɗi-shuɗi, in na taka sai ya matsa. Na riƙa raya wa kaina yadda zan ba ɗana labari in ya girma, yadda zan ɗauko shi a bayan keken nan in nuna masa inda kogi ya yi gwiwa. Har na ba shi keke nasa a cikin zuciyata, ja, muna tsere.

Da rana ta ɗaga sai hanyar bakin kogi ta ƙare a wani kwazazzabo. Na karkata na hau gefen tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, ita ma a hannun hagu. Wanda ya san ƙasarmu ya san tur'a ba ta da fuska: ruwa a tsakiya, tudu a gefe biyu, gonaki dama da hagu, duk iri ɗaya. Na tsallaka wata 'yar gada don inuwa ta fi yawa a ɗaya gefen, na sami gindin gawo, na jingine keke, na buɗe guzuri.

Kifin nan gishiri ne zalla. Na ci don yunwa, na bi shi da duk ruwan da ke gorata. Sai na ce bari in ɗan miƙe. Iska tana kaɗawa, kurciya tana kuka a sama, ruwa yana wucewa a hankali. A barcin ma tafiya nake, na hau duwatsu na gangara, mutane suna fitowa daga ƙauyuka suna ɗaga mini hannu.

Na farka rana tana tsakiyar ka, ba gabas ba yamma. Na tuna abu ɗaya: ruwa a hannun hagu. Na juya keke yadda ruwa zai kasance a hagu, na taka. Gadar da na tsallaka kuwa ko kaɗan ba ta faɗo mini ba.

Na yi ta tafiya ina mamakin yadda Allah ya yi ƙasa kama da juna. Har dutsen nan na sake gani, na ce a raina, ashe ƙaninsa ne. Ƙishirwa kuma ta kama ni, harshe ya zama kamar tsumma. La'asar sakaliya na hango bishiyoyin maina da rufin gidaje. Na shiga ta bayan gari, ta wajen turakun awaki, na tsaya a jikin wata dangar kara inda na ji ana daka.

Na yi sallama. Daka ya tsaya.

Na ce, "Inna, matafiyi ne. A taimaka da ruwa."

Aka ɗan jima, kamar ana leƙe ta tsakanin kara. Sannan kwanon ruwa ya ɓullo ta saman danga, sanyi ƙarara daga randa. Na shanye, na nemi ƙari. Muryar tsohuwa ta ce, "Daga ina baƙo ya hito?"

A nan ne ya kamata in ce daga arewa, in yi godiya, in wuce. Amma wuni guda ban yi magana da kowa ba, ga labari ya cika mini ciki. Na faɗi sunan garin surukaina, na ce nesa ne ƙwarai, ba lalle ta san shi ba. Na ce na ratsa kwazazzabai, na wuce duwatsu biyu. Na tambaya ko Abu Na'ama saura kaɗan.

Ta ce, "Da saura."

Na ce, "Ai da na isa tuni, ƙishirwa ce ta karya ni. Surukata ce ta yi mini guzurin kifi. Mutuniyar kirki ce, Allah ya sani, amma hannunta da gishiri sai addu'a. Ina jin buhu ta juye. Yanzu na gane abin da ya sa surukina kullum yana kusa da randa."

Har dariya na yi, ni kaɗai.

Sai jariri ya yi kuka a cikin gidan. Na ce a raina, jarirai ma duk kukansu ɗaya. Sai na ji tsohuwar ta ɗaga murya, ba da ni take ba:

"Ke Hauwa, ki ce wa baƙon Abu Na'ama gishirin don doguwar tahiya aka sa shi, kada kihi ya lalace a hanya. Da an san bayan gida kawai za shi zagaya, da ba a wahalar da shi ba."

Kan Hauwa ya ɓullo ta saman danga, da ɗana a kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi koren keke, ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

Na so ƙasa ta tsage. Na yi tunanin in hau keke in gudu, to ina? Na riga na gwada. Haka na tura shi na zagayo ta ƙofar gida, kararrawa tana ƙara da kanta a kan kowane tudu. Surukina yana zaune a zaure da dattawan da suka yi mini addu'a da safe. Ya amsa sallamata, ya matsa mini tabarma, ya ce, "Madalla. Mun roƙi Allah ya maido ka lahiya, ba mu dai zaci zai amsa da wuri haka ba."

Da aka kawo tuwo, nawa daban aka zubo, a rufe. Miyar ko ƙwayar gishiri babu. Na cinye tas, na aika a ce ta yi daɗi. Kwana na yi ina shirya kalmomin ban haƙuri, da safe na durƙusa a bakin ƙofarta na zuba su duka. Daga bayan labule aka ce, "Lahiya lau." Amma na ji dariya a cikin muryar, kuma tun daga ranar in na je gaisuwa har tambayata take yi ya hanya.

Abu Na'ama dai na je daga baya, a mota. Abin da na koya shi ne, in ka sha ruwan mutum ka gode masa ka rufe bakinka, musamman in ba ka ga fuskarsa ba. In kuwa lalle sai ka yi gulmar surukarka, to ka fara tambayar sunan garin.