Biko a Bakin Tabki

Akwai wani mutum a Tsarnawa da Allah Ya yi wa ladabi, har ladabin ya zame masa ciwo. In ya tare ka da gaisuwa da hantsi, gara ka nemi inuwa tun da wuri.

Yajin da matarsa Talatu ta yi ma, ladabin ne ya jawo. Ta shanya wakenta a tsakar gida, ta ce ya duba mata, za ta gidan suna. Sai ga baƙo. Da baƙo ya tashi tafiya, mutumin ya raka shi har bakin kwalta. Baƙo ya ga abin ya yi yawa, ya rako shi gida. Shi kuma ya ce ina, ai ba a yi haka ba, ya sake raka shi. Suna ta kai da kawo har la'asar, ƙofa a buɗe. Awakin unguwa suka yi walima. Talatu ta dawo ta tarar da tabarma kaɗai, ita ma an ci gefenta. Ta ƙulle kayanta, ta hau kabu-kabu, sai Birnin Konni, gidan uwarta.

Sau uku yana zuwa biko, sau uku yana komawa shi kaɗai.

Uwar Talatu tsohuwa ce, ƙafafu sun daina ɗaukarta, a keken guragu take wuni. Baki kuwa lafiyarsa ƙalau. Shekara tara da auren, mutumin bai taɓa duban fuskarta ba. Ko tari ta yi, sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna, ko a ina ne.

A zuwa na huɗu ta ce, "Ɗan nan, na gaji da ganin saman hularka a ƙofar ɗakina. Kullum rediyo na faɗin lambun da meri, hukumar garin nan, ta gina bakin tabki, wai har da hanyar guragu aka yi muna. Ka kai ni in gani. In ka kai ni ka maido ni lahiya, ka tahi da matarka."

Daga bayan labule Talatu ta ce, "Inna, shi zai kai ki? Ki dai bar wasiyya."

"Rufe mini baki, ke da kika kasa tsaron wake."

Washegari mutumin ya zo da babbar rigarsa ta Sallah. Ya kama keke ta baya. Wannan ya yi masa daɗi, don ba yadda za a yi su haɗa ido. Suka bi lungu suka fito babban titi. Ga lambun can tsallake, da fentinsa kore, da tutoci.

An ja fararen layuka a kan kwalta, wai nan ne masu ƙafa za su riƙa tsallakawa. Ranar buɗe lambun, an tsayar da motoci tun daga nesa, manya suka tsallaka sau uku saboda masu hoto. Tun daga ranar babu direban da aka gaya wa ma'anar layukan. Tirelolin albasa da na siminti suna bi ta kai kamar an biyo su. 'Yan kabu-kabu kuwa, a kan layukan ma suka fi murɗa wuta, wai wurin ya fi santsi.

Mutumin ya tsaya. Duk motar da ta taso, sai ya ɗaga mata hannu. Direba ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga nasa, ya danna oda, ya wuce.

"Mutanen kirki," in ji mutumin a ransa. "Ba wanda bai amsa ba."

Suna nan har inuwa ta shige ƙarƙashin keke. Wani ɗan sanda da ke zaune gindin bishiya ya gaji da kallonsu. Ya taso yana gyara ɗamara, ya shiga tsakiyar titi, ya busa usur, ya ɗaga hannu biyu. Motoci suka ci birki, na gabas da na yamma.

"Malam, tura! Yi sauri!"

Mutumin ya tura. Sun kai daidai tsakiyar kwalta sai Inna ta tuna wani abu.

"Af! Ɗan nan, ban ko tambaye ka ba. Ya jikin babanka?"

Keke ya tsaya cik. Mutumin ya tuɓe takalmi, ya tattare riga, ya tsuguna a kan farin layi.

"Da sauƙi, Inna. Yana gaishe ki."

"Ina amsawa. Ƙafar ta daina kumburi?"

"Ta daina, Inna. Sai dai da sanyin safiya."

"Gero ya yi kyau wajenku bana?"

"Mun gode Allah, Inna."

Oda ta kaure ta ko'ina. Wani direban tirela ya zuro kai ta taga. "Kai malam! Nan ne zauren gidanku? A kawo muku tabarma da fura?"

Wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Ku bar shi, ɗaurin aure ake!"

Ɗan sanda ya iso da gudu, gumi na zuba. "Kai, lafiyarka? Tashi ka tura!"

Mutumin ya rage murya. "Ranka shi daɗe, ba ta gama ba."

"Ba ta gama mi ba?"

"Ba ta tambayi gwaggona ba tukuna."

Ɗan sanda ya dubi sama, ya dubi layin motoci da ya kai har kwana. Ya cafki keke da kansa ya tura. Inna ba ta san an sauya direba ba, ta ci gaba da tambayar gwaggo. Mutumin kuwa ba shi da ikon miƙewa tana magana. Haka ya biyo su a tsugune, yana tafiyar agwagwa, takalmi a hannu, yana "Lahiya lau, Inna, tana gaishe ki," har suka kai tsallake.

Ɗan sanda ya saki keke ya ce, "In za ku koma, ku jira a sauya ni."

To, an tsallake titi. Sai ga wata sabuwa. Inda fararen layukan suka ƙare, lambatu ne buɗe, faɗinsa ya kai kamu biyu, baƙin ruwa kwance a ciki. An gitta katako guda ɗaya, masu ƙafa na bi. Can bayansa ga ƙofar lambu, ga allo shuɗi da hoton keken guragu, sabo fil.

Mai gadin lambun, wani dogo mai suna Yakuba, yana zaune kan benci yana sakace.

Mutumin ya yi sallama, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Sannan ya ce, "Malam, ta ina guragu ke bi?"

Yakuba ya nuna allo da tsinken sakace. "Ga ta nan. Ba ka ga hoto ba?"

"Na gani. To lambatun fa?"

"Lambatu ba namu ba ne. Na buron hanyoyi ne, ofishinsu daban. Mu daga bakinsa na nan muka fara."

"Yaushe za a rufe shi?"

"Yana cikin kashi na biyu na aiki."

"Yaushe ne kashi na biyu?"

"Bayan na ɗaya."

Inna ta ce, "Ku ɗauke ni mana, ku maza biyu."

Mutumin ya zube ƙasa. Ya ɗauki surukarsa? Da hannunsa? Ai gara a ce ya ɗauki garwashi. Yakuba kuma ya ce shi doka ba ta ba shi ikon taɓa abin da ke hayin lambatu ba, amma duk abin da ya shigo ɓangarensa zai ja.

Mutumin ya dubi katako. Katako ɗaya, ƙafar keke biyu. Ya tuna tukunyar gidansa da ta yi wata guda ba ta hau murhu ba. Sai ya cire hula ya sa a aljihu, ya kwanta rub da ciki ya gitta lambatu, hannu a can, ƙafa a nan, daidai gefen katako.

"Wani ya taimaka ya turo!"

Wani ɗan kabu-kabu da dariya ta hana shi tafiya ya sauko. Ya saita ƙafa ɗaya a kan katako, ɗaya a kan gadon bayan mutumin. Ya ce bismillah, ya tura. Ƙashin baya ya ce ƙaras. Yakuba ya miƙo hannu daga ɓangarensa ya ja.

Inna ta ce, "Wannan gefen ya fi laushi. Meri ta yi ƙoƙari."

Daga ƙasa aka ce, "Na gode, Inna."

Ya tashi da zanen taya tun daga ƙugu har wuya. Suka shiga lambu.

Daga ƙofa zuwa bakin ruwa gangare ne. Masu ƙafa an yi musu matakala. Guragu kuma an yi musu tasu hanya a gefe, miƙaƙƙiya sambal, ta tsaya kamar tsani. An shimfiɗa mata tayil mai sheƙi don ta yi kyau a hoto. Ba ƙarfen riƙewa, ba abin tarewa a ƙasa. Inda tayil ya ƙare, nan ruwa ya fara.

Yakuba ya ce, "Ku ne na farko, wallahi. Ba gurgun da ya taɓa wuce lambatu. Ka dai riƙe da kyau, ni ma ina son in ga yadda take aiki."

Mutumin ya soke takalmi a hamata, ya damƙi keke da hannu biyu, ya kafe yatsun ƙafa. Taki ɗaya, ya huta. Taki ɗaya, ya huta. Jijiyoyin wuyansa suka tashi.

Sun kai rabi sai tabki ya bayyana gaba ɗaya. Ruwa shimfiɗe, furen bado fari fat, balbelu na sauka, mata na wanki can gefe. Inna ta yi shekara shida ba ta ga ruwan da ya fi na randa ba. Zuciyarta ta yi sanyi. Ta share ido da bakin mayafi.

"Ɗan nan."

"Na'am, Inna." Ya ɗan rusuna iya yadda gangare ya bari.

"Allah shi yi maka albarka."

Shekara tara, yau ce rana ta farko da ta sa masa albarka. Wa ke karɓar addu'ar tsohuwa da hannu a dunƙule? Ya saki hannu ɗaya, ya buɗe tafi. Keke ya ɗan ja shi, ya dake.

"Amin, Inna."

"Allah shi raba ka da wahala."

"Amin, Inna."

"Allah shi ba ku zaman lahiya kai da Talatu."

Wannan kam ba ta hannu ɗaya ba ce. Ya saki ɗayan. Ya haɗa tafuka biyu, ya runtse ido, ya tsuguna.

"Amin, amin, Inna."

Ya ji muryarta na yin nisa. Ya ce a ransa, addu'a ta yi zurfi, ta koma yi a hankali.

"Wayyo Allah!"

"Amin."

"Jama'a ku tare!"

"Amin, ya Rabbi."

Tinjim!

Ya shafa, ya buɗe ido. Ba Inna, ba keke. Balbelu duk sun tashi sama.

Ya zabura. Ƙafa ta zame a kan tayil, ya sauka a kan babbar riga, ya bi sawun keke da gudun da ya fi na keken. Tinjim na biyu.

Allah Ya taimaka, tabkin ba zurfi a wurin. Tayoyi sun kafe a laka, Inna na zaune daram, ruwa har ƙirji, ganyen bado a kan ɗankwali. Mutumin ya taso yana tari, ya doso ta.

Ta ce, "Kai!"

Ya tsuguna nan take. Ruwa ya kawo masa har haɓa. Ya ɗaga takalmi sama da kai.

Daga can sama Yakuba na ihu. "Malam! An hana wanka a nan! Ga allo can!"

Wata mai wanki ta ce, "Kai dogon banza, ba za ka sauko ka taimaka ba?"

"Ruwa ba namu ba ne! Na buron ruwa ne!"

Matan suka yar da wanki, suka ɗaure zannuwa, suka shiga. Biyu a gaba, biyu a baya, suka tumɓuke keke daga laka suka fito da Inna. Wata ta matse mata mayafi, wata ta cire mata ganye, wata ta zazzage wani ɗan kwaɗo daga cinyarta. Sai sannu ake yi mata. Inna numfashi kawai take mayarwa.

Mutumin na nan a ruwa, a tsugune, kai a sunkuye. Ya jira har aka yi shiru. Ya yi gyaran murya, ruwa ya shiga bakinsa, ya furzar.

"Inna, sannu."

Ya sake gwadawa.

"Inna... to maganar Talatu fa?"

Tsohuwa ta dube shi tun daga takalmin da ke sama har zuwa haɓar da ke cikin ruwa.

"Ka kwashi matarka tun kafin la'asar. Ita ta ce tana sonka, ita ya kamata ka jefa tabki, ba ni ba."