Ranar da Na Yi Wa Kwaleji Uku Alkawari

Ko da mantuwar tsufa ta kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka jikana Mubarak baje kolin makarantu a unguwar Bukit Jalil ba.

Na zo Kuala Lumpur ne wajen ɗana, wanda kwantiragin koyarwarsa ya kusa ƙarewa. Mubarak ya gama sakandare da sakamako mai kyau, amma in bai samu tallafin karatu ba, sai dai ya bi mu gida. Kullum a falonmu na unguwar Wangsa Maju gardama ake yi: kwaleji nawa za a nema? Uban ya ce uku. Yaron ya ce duk wadda ta buɗe ƙofa.

Ni kuwa na ce ɗaya. A garinmu, in mai taimako ya ji ka kai kukanka wani gidan, janye hannunsa yake yi.

"Tsohuwa, nan ba haka ake yi ba lah," in ji Mubarak, da "lah" ɗin nan da 'yan garin ke liƙa wa ƙarshen magana.

"Rufe min baki, Maigida. Da gyaɗa na biya wa ubanka makaranta."

Aka tsaya a kan uku. Na ce to, ni zan rufa musu asiri, kada wata kwaleji ta san an nemi wata.

Ranar na sha leshi da mayafi, na fesa turare, zuciyata fal murna kamar ni za a ɗauka. Zauren cike da tebura, kowace kwaleji da nata. (Firamare kawai na yi, amma Turancina bai mutu duka ba.) A teburin farko, Mubarak na cikin bayani, na ture shi gefe, na dafa ƙirji na dubi matar.

"Onli yu! No oda skul!"

Ta yi murmushi, har ta ba ni alawa. Na ce a raina aiki ya yi kyau. A tebur na biyu na ƙara da ɗaga yatsa sama. A na uku, wallahi har ƙwalla na matso.

"Hajiya, don Allah ki bari," Mubarak ke raɗa min.

"Kai yaro ne, ba ka san neman alfarma ba."

Da azahar muka shiga mamak, ɗan gidan abincin da ke ƙasan ginin. Ina tafe ina ba shi labarin dabarata da ƙarfi, sai na ga ya tsaya cak. Mutanen nan uku na kwalejojin ne zaune a tebur ɗaya, suna cin shinkafa! Matar farko ta hango ni ta ɗago hannu. Na biyun ya ce wani abu, na ukun ya ajiye cokali. Sai duk suka dafa ƙirji a tare:

"Onli yu!"

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce shike nan, na kashe wa yaro karatu da bakina.

Matar ta taso tana share hawayen dariya, ta riƙe hannuna ta yi magana. Mubarak ya fassara: wai in kwantar da hankalina, kowane ɗalibi wurare da yawa yake nema, su da kansu suke ba da shawarar haka. Har ta ce uku ma sun yi kaɗan.

Bayan 'yan makonni kwalejin mutumin da na yi wa kuka ta ba shi tallafi. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na ce ƙwallata ce ta yi aiki; uban ya ce sakamakon yaro ne, kuma na san shi ke da gaskiya.

Abin da na koya da furfurata: kafin in sake rantse wa mutum cewa shi kaɗai ne, sai na fara binciken da wa yake cin abincin rana.