Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Aka Ɗura wa Zoɓo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma cikin da har yau bai daina tashi ba, Malama Naja'atu Badaru, mai shagon buga takardu a unguwar Daura cikin garin Ƙaraye, ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu kawo mata aiki rasuwar kwamfutarta, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan teburinta, a gaban shaidu, bayan shekara tara tana aiki a shagon. Mai ita ta ce a rubuta tun daga farko cewa ba tsufa ne ya kashe ta ba.

Marigayiyar baƙa ce, mai nauyi kamar turmi. Gyaɗar shekara guda ta gonar Naja'atu da ke Yammedi ce ta tafi a kanta. Ta samu sunanta ne saboda yadda take tashi: in an danna mata maɓalli sai ta ce “ƙit”, ta yi shiru, ta ja dogon nishi kamar tsohuwar da aka tasa daga barcin rana, sannan ta amsa. Amma in ta amsa, ta amsa ke nan. Katin biki da na suna, wasiƙar neman aiki, takardar cinikin gona ta mutanen garin Jajaye, hoton fasfo, babu wanda ta taɓa ƙi. Tana kuma da riƙon sirri. Ta san wanda ya sayar da gonarsa bai gaya wa 'yan uwansa ba, ta san wanda ya nemi aiki sau shida bai samu ba, har ta bar duniya ba ta gaya wa kowa ba.

A cikinta ne kuma muryar mahaifin Naja'atu take. Malam Badaru tsohon magatakardan hakimi ne. A daminarsa ta ƙarshe a duniya yakan zo shagon ya zauna kusa da Gwaggo yana ba da tarihin gidansu, da iyakokin gonaki, da wa ya haifi wa, 'yarsa tana naɗa. Zama talatin da wani abu. Babu kwafinsu a ko'ina. Kullum Naja'atu takan ce gobe za ta kwafe.

Lalurar marigayiyar ɗaya ce, zafi. In bazara ta kama, da rana ta take sai fankarta ta ɗauki “fuuuu” har ba a jin maganar mai kawo aiki, daga nan ta sume. Naja'atu ta san maganinta: ta kwance murfin gefe, ta juya mata fankar tsaye, ta bar ta ta huta daga azahar zuwa la'asar. Bazara uku suka yi a haka, kuma da an bar su, da sun yi ta huɗu.

Sai dai Naja'atu na da miji. Malam Uwais mai gyaran injin ban ruwa ne, masu noman rani a bakin dam duk sun san shi, kuma hannunsa na da albarka a kan inji. Mutumin kirki ne. Aibinsa kawai ya yi imani babu ciwon da ruwa da tiyo ba sa warkarwa. Wata rana ya shigo shagon da waya a hannu, ya nuna mata bidiyon wata kwamfuta mai gefen gilashi, jan ruwa na zagayawa a cikinta yana sheƙi.

“Maman Munawwara, dubi nan. Duniya ta ci gaba, mu muna nan muna yi wa na'ura fifita.”

“Malam, ruwa da wuta a ɗaki ɗaya?” in ji ta.

“Injin mota fa, me ke sanyaya shi? Ki ba ni ita kwana ɗaya kawai.”

Mako biyu tana ƙi. Ranar da Gwaggo ta sume sau uku a tsakiyar katin biki ɗaya, uwar amarya na zaune tana jira, a ranar ta ce to. Ta nemi a rubuta cewa da bakinta ta yarda, kuma duk cikin abin da ya biyo baya babu wanda ya fi wannan tayar mata da zuciya.

Ranar Asabar Uwais ya ɗaure Gwaggo a bayan babur da roba, kamar buhun taki, ya kai ta Rogo wurin abokinsa Ɗantala mai walda. Naja'atu ba ta halarci aikin ba, labari ta ji. An ce sun kwashe kayan cikin sun zube a faranti, sannan Ɗantala ya sa injin yankan ƙarfe ya buɗe taga a gefenta. Tagar ta fito a karkace, suka toshe da gilashin tagar wani tsohon ɗaki. Suka yanke samanta suka ɗora ƙaramin lagireto da aka ciro daga wata matacciyar mota, ko ɗauraye shi ba a yi ba. Huda biyu ake buƙata don tiyo, aka yi biyar, domin Ɗantala da ido yake awo. Tiyon kuwa irin na magina ne da suke awon lebur. Ɗan famfon wanke gilashin mota shi ke tura ruwan, kwalbar zuma da aka ɗaure da waya a gefe ita ce tanki, sai wani ɗan akwatin jan ƙarfe da Ɗantala ya ƙera aka manna a kan ƙwaƙwalwarta.

Da aka dawo da ita, Naja'atu ta duba ta sau ɗaya ta nemi kujera. Gefen yankan ya yi haƙora-haƙora, fentin ya babbake, tiyo na reto ta ko'ina kamar hanjin ragon da ba a gama feɗewa ba.

A yi wa kowa adalci: abin ya yi aiki. Ihun fanka ya tafi, sai wani ɗan “ƙulu-ƙulu” a hankali. Kwana huɗu Gwaggo na ƙetare azahar ba ta suma. Mutane suka riƙa leƙowa kallo. Ɗantala ya zo takanas daga Rogo ya tsaya a ƙofa yana shafa gemu.

“Uwargida, yanzu ko a birni sai an tona kafin a samu irinta.”

Abu ɗaya ya hana Uwais sukuni: ruwan fari ne, na bidiyo kuwa ja. A makon ƙanwar Naja'atu ta haihu a Yammedi, ta rufe shago ta tafi kwana biyar. Ta bar jarkar zoɓon da takan sayar wa masu jiran aiki, wanda ya sha sukari da citta da kanumfari da ɓawon abarba. Da ta dawo ta tarar da jan ruwa na yawo a cikin Gwaggo.

“Malam, mene ne wannan?”

“Sinadari ne.”

“Daga ina?”

“Na gida ne, ba sai an je nesa ba,” in ji shi, ya fita da sauri.

Ba ta ƙara tambaya ba, don gaskiya a ranar abin ya yi kyau. Jarkar da ta ga ta ragu kuwa, ta ɗauka sha ya yi.

Jinyar ajali ta fara da kiyashi. Layi guda suka ja daga bakin ƙofa har saman tebur, suna shiga ta hudojin nan uku da ba a toshe ba. Bayan kwana biyu jan ya koma ruwan ƙasa, kumfa ta taru a wuyan kwalba, muryar marigayiyar ta sauya zuwa “ɓul… ɓul…” irin ta cikin da ya ɓaci. Sai wari. Da fari tsami ne kamar kunun da ya kwana uku. Daga baya ya zama abin da Naja'atu ba ta da suna gare shi, mai zaƙi-zaƙi, mai maƙalewa a maƙogwaro, mai bin mutum har gida a cikin hijabi. Ta share shago, ta jawo kowane kwali tana neman mataccen ɓera. Ta kunna turaren wuta, sai turaren da warin suka haɗu suka haifi wanda ya fi su. Ta daina cin abinci a shagon. Masu aiki suka koma tsayawa a waje suna miƙo takarda da tsawon hannu.

Daga nan wani da ya taɓa yawon duniya ya ce a majalisa shi ya san wannan warin, na burkutu ne. Kafin kwana biyu maganar ta zagaye unguwa: 'yar Malam Badaru na jiƙa wani abu a bayan kwamfuta.

Ranar Talata mai unguwa Gwadabe, aminin mahaifinta, ya zo da kansa, cikin farar babbar riga, a hanyarsa ta zuwa gidan hakimi. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi mai jego, duk yana jan numfashi ta baki.

“'Yata, na san gidan da kika fito,” in ji shi. “Amma mutane na magana, kuma ga shi hancina ma ya fara goya musu baya. Me kike ajiyewa a shagon nan?”

“Baba, wallahi ban da takarda da tawada babu komai.”

Kunya ta sa idonta ya kawo ruwa. Don ta nuna masa babu abin ɓoyewa, ta ce ya duba ko'ina, ta kuma kunna Gwaggo. Dattijon ya sunkuya yana leƙen tagar gilashin. Kwalbar ta yi ta tafasa da kumfa, tiyo ya kumbura ya miƙe. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce “tas!” Bakin tiyo ya fizge, abin da ke ciki ya yi feshi, rabi a kan kayan cikinta, rabi a ƙirjin mai unguwa. Aka ji “tssss”, siririn hayaƙi ya tashi, allo ya yi baƙi.

Mai unguwa ya daɗe yana kallon rigarsa. Ya dangwala yatsa, ya kai hanci, ya kawar da kai.

“Akwai kanumfari a ciki,” in ji shi. “Wannan zoɓo ne ya ruɓe. A kira min Uwais.”

Uwais ya zo daga bakin dam da maiƙo a hannu, ya durƙusa. “Launin kawai nake so, Baba.”

A gabansu aka buɗe gawar, kuma mai ita ta ce kada a rage komai. Cikin tiyo ya cika da yauƙi kamar miyar kuɓewar da aka manta a tukunya. Fumfuna fari da kore ya yi gashi a jikin jan ƙarfen. Tsatsar lagireto ta kwanta a ƙasa kamar laka. Kyankyasai sun tare a ƙarƙashin babban allon wayoyin cikinta, da ƙwai da 'ya'ya, suka watse ta kan hannun Uwais. A gindin kwalbar zuma wasu fararen abubuwa na motsi. Naja'atu ta ruga bayan shago ta amayar da karin kumallonta.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya nesa, ta tambayi abu ɗaya.

“Malam, muryar Babana fa?”

Uwais ya dafe kai. Sai a lokacin ya tuna. Ya cusa hannu cikin ƙazantar nan, ya kwance ma'ajiyar bayanan, ya cire hularsa ya goge ta da ita, ya hau babur ya nufi Kano ko hannu bai tsaya wankewa ba. Naja'atu ta wuni ta kwana tana jiran dawowarsa. Washegari da la'asar ya dawo, fuska duk ƙura, ya miƙa mata waya. Ta danna. Aka ji gyaran murya, sannan Malam Badaru ya ce, “To, jiya ina muka tsaya?” Duk zaman suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba, kuma Uwais ya sa an kwafe su wuri uku. Ta zauna a dandaɓe ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar bakwai ɗin tsohon.

Uwais ya kuma kawo saƙon mai gyaran na Kano, bai ɓoye ba, wannan a rubuta masa: tun farko ƙura ce ta toshe Gwaggo. Da an hure ta an sauya fanka ɗaya, da yanzu tana raye.

Marigayiyar ta bar allon kallo, wanda tun ranar bai ƙara haske ba. Ta bar allon rubutu mai harafi biyu a goge, da firinta, wadda ba su taɓa jituwa ba amma tare suka tsufa. Ta bar ma'ajiyar nan da Allah ya kuɓutar, tana naɗe a ƙyalle cikin akwatin mai ita. Ta bar katin suna guda da ba ta ƙarasa ba. Mai unguwa ya riga ya bayyana a majalisa cewa zoɓo ne, rigarsa ce shaida, don mai wanki ya dawo da ita ya ce ba zai iya ba. Waɗanda suka yaɗa waccan maganar, ana gayyatarsu ta'aziyya musamman, su zo su dubi Naja'atu a ido.

Game da jana'iza: an fara kiran ɗan gwangwan, ya zo, ya sunkuya, ya miƙe, ya tura kurarsa ya tafi ko sallama babu. Saboda haka za a yi mata wanka ranar Juma'a da safe a bayan gida. Malam Uwais ne zai cuɗa, Malam Ɗantala ya zuba ruwa, kuma bisa hukuncin mai mamaciya babu safar hannu, babu rufe hanci. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce. Ranar Asabar su biyun za su haƙa rami a bayan gari, nesa da rijiya, nesa da gonar kowa, su rufe ta tare da lagireto da kwalba da tiyo, a danne da dutse saboda karnuka.

Malama Naja'atu za ta karɓi gaisuwa a ƙofar shago daga hantsi zuwa azahar, a waje, don cikin shagon ba ya shiguwa tukuna. Malam Uwais zai karɓi tasa a gindin darbejiyar bayan gida, inda aka shimfiɗa masa tabarma. Ta ce ta yafe masa, don ya dawo mata da Baba. Amma sabulu uku sun ƙare a hannunsa abin bai fita ba, don haka za a ci gaba da zuba masa abinci a kwanonsa daban, da cokali, har ranar bakwai. Ranar sai a sake shinshina shi a gani.