Yadda Za Ka Ɓace wa Asibiti Bayan Haihuwa

Matarka ta sauka lafiya, asibiti na bin ka kuɗin tiyata, aljihu kuma wayam? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ba mai ganin ko ƙeyarka. Gershon, wani manomin citta daga Kwoi, ya gwada su bayan an yi wa matarsa Hellen tiyata a wani ƙaramin asibiti a Kafanchan.

1. Yi alkawari da abin da ke cikin ƙasa

Kada ka ce gobe, don gobe ba ta da nisa. Ka ce sai an haƙe citta. Haka Gershon ya faɗa wa Sista Chinelo, mai asibitin, ta tausaya ta sallame su. Cittar kuwa tuni ta ruɓe a gona, kuma ya sani.

2. Canja hanya

Layin asibitin ya haramta gare ka. Gershon kan zagaya ta bayan tashar jirgin ƙasa da mashin ɗinsa. Man da ya ƙona ya isa ya rage bashin, amma gwani ba ya irin wannan lissafi.

3. Wayarka ta kamu da ciwo

In Sista ta kira, yi ta "Halo? Halo?" kana hura wa wayar iska.

4. Kada ka bar wa mai jego zaɓen suna

A nan Gershon ya yi sake. Don nuna godiya, Hellen ta sa wa jaririyar suna Chinelo. Yanzu duk unguwa Baban Chinelo ake kiransa, kowace gaisuwa sai gabansa ya faɗi. Ga shi ba a kai yarinya godiya coci a bar takwararta. Sista ta zo da atamfa da sabulu, ta taka rawa a bayansa har gaban Fasto. Ba ta ambaci ko kwabo ba.

"Oga Gershon, ka kawo mini takwarata rigakafi fa," abin da ta ce ke nan.

Kunya ta kusa kashe shi.

5. Hana yarinya zazzaɓi

Wannan matakin har yanzu ina bincike a kansa. Jiya da rana Hellen ta iske Gershon a gindin mangwaro, yarinya a kafaɗarta.

"Baban Chinelo, taɓa ka ji. Jikin ya yi zafi sosai. Ina za mu kai ta?"

Ya taɓa goshin 'yar, tsoro ya kama shi. Ya daɗe yana kallon mashin, sannan ya tayar da shi.

"Ku hau. In ya so Sista ta riƙe mashin ɗin."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya dawo gida a motar haya, ba ruwana, kada ma ya neme ni. Ni ban ce ka so 'yarka fiye da mashin ɗinka ba.