Allurar da ta bi rediyo

Tun da na ji yadda matuƙan jiragen ruwa na dā suke gane arewa da allura, na daina barin kowa ya huta. Ni da ban taɓa ganin teku ba, na shige zaure na goga allura a maganaɗisu, na ɗora ta kan sakaina cikin ƙwaryar ruwa. Ta juya ta nuna arewa. Har tafiyata ta canza.

Ranar sunan ɗan yayata a Barmu, ni aka ba amanar kai rago daga Tawa. Muka ɗaure shi a moto, wato babur, taubashina Idi ya hau baya rungume da rediyonsa.

Na ce, “Mu bar hanyar mota, daji za mu ratsa. Ilimi zai kai mu.”

Duk inda muka tsaya, in zuba ruwa a ƙwarya, Idi ya tsuguna kusa da rediyonsa a hannu yana kallo, allura ta nuna, mu bi. Ashe cikin rediyon akwai maganaɗisu. Inda Idi ya tsuguna, nan ne arewa.

Da azahar muka hango jama'a da dabbobi, na ce, “Ga Barmu!” Wani dillali ya taho ya dafa ragon: “Malam, wanga na saidawa na?” Kasuwar dabbobin Tawa ce.

Da ragon aro aka yi sunan. Har yau in baƙo ya tambaye ni hanya, sai Idi ya ce, “Dakata, Kyaftin, in tsuguna tukuna.”