Gashin Bakin Don Eleuterio

Sunan gandun tumakin ya kuɓuce mini, shekarar ma haka. Wani lokaci in ce kafin babbar dusar ƙanƙara ne, wani lokaci in ce bayanta. Ka yi mini haƙuri, abokina, kan nawa ya fara yoyo. Amma cika-bakin Don Eleuterio Barría yana nan daram, don ya faɗe shi da ƙarfin da ko kurma zai haddace.

"Ni? Puma? Da ta ji warin takalmina za ta kwashi 'ya'yanta ta tsallaka Ajantina!"

Muna kicin ne lokacin sausayar tumaki, iska tana neman ɗage kwanon rufi, ƙoƙon shayin mate yana zagayawa hannu zuwa hannu. Ni ina gandun ina koya wa 'ya'yan makiyaya karatu. Shi kuwa gyaran shinge ya kawo shi. Mutum ne gajere mai tumbi, amma Allah ya ba shi gashin baki kamar ƙahon rago, kullum safe sai ya murza shi da kitse, ya gaishe shi a madubi kafin ya gaida kowa.

A makon nan wata puma, wato ƙatuwar kyanwar dajin nan mai kama da zakanya, ta sauko daga duwatsu ta kashe tumaki. Nicanor, shugaban makiyaya, yana cewa a aika a kira maharbi mai karnuka.

"Karnuka na matsorata ne," in ji Eleuterio. "Puma ta ƙarshe da na kashe, rurinta sai da ya zubo da duwatsu."

Doña Ubaldina, mai dafa mana abinci, ko juyowa ba ta yi ba daga kan tukunya. "Puma ba ta ruri, sarkin surutu. Kuka take kamar mace, ko gurnani kamar kyanwa."

"Tawa ta yi. Tsorona ne ya koya mata."

"To madalla. Kawo mini fatarta kafin ranar da za a gasa rago, ni da kaina zan miƙa maka haƙarƙarin farko. In ba ka kawo ba, wannan tsintsiyar ta bakinka mu sausaye ta da almakashin tumaki."

Ya shafa ƙahonsa na dama, ya shafa na hagu, ya ce, "Na yarda. Malam, kai ne shaida."

Na ce na shaida. Da ma ba ni da wani aikin.

Washegari ya sami sawu a bakin rafi, ya durƙusa yana shinshinawa. "Dubi farata! Ƙatuwa ce!" Nicanor ya buɗe baki zai ce puma tana ɓoye faratanta in tana tafiya, Ubaldina ta taka masa ƙafa. Gogan naka ya bi sawun nan da rarrafe, ta cikin ƙaya, ta cikin taɓo, ya zagaya tudu, har sawun ya kai shi bayan kicin, inda karen Ubaldina yake kwance yana gwaguyar ƙashi.

"Kada ka harbe shi, jarumi," ta ce ta taga. "Bai yi ruri ba tukuna."

Rana ta gaba ya hango wani abu ruwan ƙasa yana motsi a kan kurmi, ya sakar masa wuta. Shimfiɗar sirdin Nicanor ce da ya shanya. Ya same ta daidai tsakiya, wannan kam ba a hana shi ba.

Ranar gashin rago ya ɗaura bindiga a sirdi tun da safe, ya haye tudu. Abin da ya faru can, rabi a ƙasa muka karanta shi, rabi kuma shi ya faɗa daga baya, ran da giya ta kwance masa harshe.

A gindin wani dutse ya ga tarin ciyawa, ƙafar gwanako tana leƙowa, wato ɗan raƙumin dajin nan mara tozo. Kowane makiyayi ya san mai wannan ajiya: puma in ta ci ta ƙoshi, sai ta ja ragowar ta rufe, ta koma kusa ta kwanta tana gadi. Shi Eleuterio sai ya ce Allah ya kawo abincin rana. Ya sauka, ya yaye ciyawar, ya zaro wuƙa zai yanki cinya.

Dokin ne ya fara ganinta. Ya fizge linzami ya nufi gida, da bindigar da komai.

Eleuterio ya ɗaga kai. Ga ta a kan dutse, doguwar wutsiya mai baƙin kai tana kaɗawa a hankali. An sha gaya masa in ka haɗu da ita ka miƙe tsaye, ka buɗe mayafi, ka yi ihu. Ihu kam sana'arsa ce, amma ran nan muryar ta bi doki. Ya zube kusa da mushen, ya ja mayafin ulu ya rufe fuska.

Da muka ga doki ya dawo ba kowa, muka bar rago a wuta muka hau. Har Ubaldina ta biyo mu, da almakashi a aljihun gaba. Ta ce ko gawa ce sai ta cika alkawari.

A gindin dutsen muka tarar da tarin ciyawa da ƙasa, an tattara shi tsaf. Takalma biyu ta ƙasa, ƙahon gashin baki ɗaya ta sama, yana rawa.

"Don Eleuterio, kana raye?" in ji Nicanor.

"Shhh! Kwanton ɓauna nake. Kun kore ta."

"Da me za ka harbe ta? Bindigarka tana gida tana shan inuwa."

"Da hannu zan shaƙe ta."

Nicanor ya nuna ƙasa. Ga inda aka karto ciyawa ta kowane gefe, ga sawu kewaye, faɗi-faɗi, ba farce ko ɗaya. "Kai ka rufe kanka da tafin puma?"

Eleuterio ya tashi zaune yana tofar da ƙasa. Ka san irinsu, ko a rami suke sai sun nemi tudun tsayawa. "To, ita ta rufe ni. Sai me? Ta shinshina ni, ta gane nama mai daraja, ta ajiye don babbar rana. Waninku an taɓa ajiye shi?"

Ubaldina ta duba hagu, ta duba dama. "Ina gwanakon?"

Muka duba. Babu. Ga alamar jansa nan ta bi cikin duwatsu.

"Af," ta ce, tana zaro almakashi. "Wanda za ta ci ta tafi da shi. Ni dai kyanwata abu biyu take tona ƙasa ta rufe, kuma na biyun ba ta waiwayarsa. Riƙe mini kansa, Nicanor."

A nan aka yi sausayar. Iska ta kwashi ƙahon dama ta yi gabas da shi, shi kaɗai ne a cikin Eleuterio ya tsallaka Ajantina.

Na daɗe ina tausayinsa, ina cewa ko Ubaldina ta yi masa ƙazafi. Bayan shekaru na haɗu da wata mata mai nazarin namun daji, wadda ta tsufa tana bin sawun puma a duwatsun nan. Sunanta ya tafi inda sunan gandun ya tafi. Na tambaye ta, ban ambaci kowa ba. Ta ce ƙwarai, puma takan rufe naman da za ta komo ta ci, takan kuma rufe kashinta.

Na ce, "Babu na uku?"

Ta ce ita dai ba ta taɓa gani ba.