Gimbiya Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari marayu, ni mai zanen taswirar gini a ofishin hawa na uku, wanda abokan aiki ke kira Kunnen Zinare, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urata ta sauraron kiɗa, wadda aka fi sani da Gimbiya. Ta cika ranar Talata da safe a cikin motar haya, tana tsakiyar waƙa, bayan shekara huɗu tana hidima. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙit".

Marigayiya ba irin wayoyin nan ba ce masu haɗa kiɗa da gulma. Aikinta ɗaya, kuma ta riƙe shi da mutunci. Idan ta buɗe murya, sai ka ji yatsan makaɗi yana goga tsirkiya, ka ji mawaƙiya ta ja numfashi kafin ta ɗauki baiti. Akwai wani bawan Allah da ya yi tari a bayan ɗakin da aka ɗauki wata waƙa. Ban taɓa ganinsa ba, amma na sha yi masa sannu.

Tana da nata halin, ba za mu ɓoye ba. Ba ta son gaggawa: ka kunna ta, ka je ka wanke fuska, ka dawo ka tarar tana miƙa. Maɓallin ƙara murya da na tsallake waƙa maƙwabta ne na ƙut-da-ƙut, shi ya sa waƙoƙi da yawa farkonsu kawai na sani. Aljihun riga uku ta yaga saboda nauyi. In ta yi rabin awa tana aiki, sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Duk mun ɗauke su a matsayin halin manya.

Ta sha fama da mahassada, har a cikin gida. Ranar da na fara sa wa matata ita a kunne, ta saurara tsaf, ta cire ta ce, "Baban yara, ni fa ban ji bambancinta da wayata ba."

Na ce, "Ba kowane kunne aka yi don wannan ba."

Jinya ta fara da kumburin ciki, batirin ya taso har murfin baya ya ɗage. Sai suma, sau biyu a rana. Da abin ya faru ranar Talata, babbar 'yata, wadda ke karatun jami'a, ta raka ni wurin mai gyara. Ya buɗe ta, ya duba, ya girgiza kai ya ce sai haƙuri. Na roƙe shi ya ceto mini waƙoƙin da ke cikin katinta, tunda su ne dukiyar da ta bari.

Ya sa katin a kwamfuta, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Yallabai, ai waɗannan ƙananan ne, matsattsu, an rage musu ingancin sauti. Irin waɗanda kowa ke da su a waya."

Na ce, "Duba da kyau, malam."

'Yata ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take. Ta ce, "Baba, ka yafe ni. Wata takwas ke nan. Ina buƙatar babban katin don aikin makaranta, sai na matse waƙoƙin na zuba maka a ƙarami. Mama ta ce in ka gane mu mayar maka a ranar."

Wata takwas, jama'a. A cikinsu na tsayar da shugaban ofishinmu a bakin matakala na yi masa lacca kan tsabtar sauti. A cikinsu na ce wa surukina kunnensa na katako ne.

Marigayiya ta bar abin sawa a kunne guda biyu, ɗaya ya gurgunce ta hagu, da igiyar caji wadda ba ta shiga komai a duniya sai ita, da rigar fata, da littafin bayani mai shafi tamanin da har yau yana cikin ledarsa, da ni.

Za a yi mata sutura da kwalinta na asali ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kai ta makwancinta a durowar ƙasa ta teburina. Za a karɓi gaisuwa a falo. Iyalina sun ce za su halarta, bisa sharaɗin ba za su haɗa ido da juna ba.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su kashe wayoyinsu tun daga bakin ƙofa. Idan ta wani ta saki kiɗa a wurin, ina tsoron in ce ya yi daɗi, kuma ba na son a samu shaidu.